Balasar Bayan Ɗakin Shafa'atu

A wata unguwar manoma kusa da Gozaki, tun ba a san Turawa ba, an yi wata mata Shafa'atu mai kaɗin zare. Ba ta yi suna a komai ba, zaren nata ma ba irin wanda masaƙan Maska ke rububi ba ne. Ka gaishe ta ta amsa, shi ke nan, hira ta ƙare.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Mairo, kuma ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta yi famfara ba. Mijinta Maharazu da ƙanensa Aƙilu suka haƙa a bayan ɗaki, kamar yadda ake yi wa yara, suka rufe ta. Babu dutse, babu itace. Damina ɗaya kabarin ya soma bajewa. Da rani Maharazu ya bi fatake Gwanja, shiru kake ji, bai sake dawowa ba.

Shafa'atu ba ta yi kuka ba, har mata suka riƙa tsegumi. Ita kuwa ba taurin zuciya ba ne, ba ta dai jin komai ne. Ta ci tuwo ko ta ci ƙasa, duk ɗaya. Abin da ta yi kawai, ta gangara fadama ta tugo wata ciyawa mai shuɗin fure da Mairo ke sokawa a kitso, ta dasa a daidai wurin.

Balasa fa! Don Allah wa ya taɓa dasa balasa? Ciyawar da kowane manomi ke tsine wa. Ka sare ta ka jefar, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Amma Shafa'atu ta san tata. Ta gona ganyenta da gashi-gashi, furenta fari-fari. Tata ganyen sumul ne, gaɓoɓin ja, furen kuma kunnuwa biyu shuɗi shar kamar zane ya fito daga marina, da wani ɗan fari ƙarami a ƙasansu. Da hantsi ya buɗe, kafin azahar ya rufe. Da rani ta bushe kamar ba a taɓa yin ta ba, ruwan farko ta sake tsirowa a wurinta.

Da hannu take rage ta, kada ta wuce faɗin 'yar tabarma, abin da ta tsinke kuma ta jefa a murhu. Ta shuka kuɓewa da yakuwa a kewaye. Ba ta taɓa taka wurin ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, don kada a ce ta ɗauko al'adar Maguzawa. Haka aka yi shekaru.

Wata damina kurkunu ya fito mata a ƙafafu biyu, ya kwantar da ita. Hajo matar Aƙilu, mace mai kirki ga rawar kai, ta leƙa bayan ɗakin ta ga ciyawa ta cinye shukar. Ta tara matan unguwa, kowa da fartanyarta, aka yi wa mara lafiya gayya. Kafin la'asar sun nome wurin, sun tayar da sababbin kunyoyi.

Hajo ta shigo tana share gumi. "Yaya, mun gyara miki bayan ɗaki tas. Har 'yar banzar balasar nan da ta yi sheƙa."

"Ina kuka zuba ta?"

"Mun daddatse mun turbuɗe a kunyoyi, ta zama taki."

Shafa'atu ta dubi rufin ɗaki. Ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

Ranar da ta iya dogara sanda, ta zagaya da hantsi. Daga jikin bango har danga shuɗi ne shar. Ta sunkuya ta shafa ganye, sumul. Ta duba gaɓa, ja. Ta miƙa hannu gaba ta shafa wani, shi ma haka. Duk tata ce, kowace.

Ta aika aka kira Aƙilu. "A ina kuka sa Mairo?"

Ya sosa ƙeya. "Nan wajen ne, Yaya. Ko kuwa can ta wajen tsohon rumbu? Wallahi an daɗe."

Ta gyaɗa kai ta koma ɗaki ta ɗauki mazarinta.

Shafa'atu ta yi tsawon rai, har furfura ta cika mata kai, amma ba ta sake shiga bayan ɗakin nan ba. A kusurwar bango take zama tana kaɗi, akuya ta nufo ta kore ta. Ita kuwa Hajo, tun a daminar gayyar abin ya ishe ta, ganin kuɓewa ta tsufa a jikin kara, yakuwa ta yi 'ya'ya ta zube.

"Haba Yaya! Mun sha wahala mun nome miki, ko kuɓewa ɗaya ba za ki shiga ki tsinka ba?"

Shafa'atu ba ta ɗaga kai daga zaren ba. Ta ce, "Ba ni da wurin sa ƙafa."