Ranar da Na Riƙe wa Na'ibi Buta

Har gobe ban manta da wata la'asar da na tsaya a bakin wani masallaci a Ƙofar Ran ba, sanye da farar rigar aiki, rungume da butar wani, jama'a na kallona. Ku da kuka kama aiki bana kun same ni da furfura, kuna zaton da hankalina aka haife ni. To ku gyara zama.

A lokacin ina babban ma'aikacin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Sama da ni akwai Matiron Ngozi, wadda ta zo Bauchi tun ina firamare. Aka tura ni kwas na mako biyu kan maganin da ake yi da zama da tattaunawa, wanda a ofis muke kira si-bi-ti. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ana koya wa mutum ne ya lura da tunanin da ke tayar masa da hankali, ya auna shi, sannan ya canza abin da yake yi idan tunanin ya zo. A kwas ɗin an gaya mana abubuwa biyu da sabon bincike ke ƙarfafawa. Na farko, ana iya bibiyar majiyyaci ta waya. Na biyu, magani ya fi kamawa idan an daidaita shi da addinin mutum, har a sa malamansa da danginsa a ciki. Na farkon na riƙe shi da kyau, don ina da sabuwar waya. Na biyun kuwa, ina jin ana bayaninsa ne ina layin shayi.

Na dawo da satifiket da jakar kwas, ina tafiya a baranda kamar ni na gina asibitin. A farkon watan Rajab likita ya turo mini Malam Nasiru, na'ibin limamin wani ƙaramin masallaci. Waswasin alwala ne ya kama shi. Zai wanke fuska, ya kai ga ƙafa, sai shakka ta zo, ya koma farko, jama'a na jira a sahu. Mahaifinsa ne Liman, gwiwoyi sun gaza. Dattawan unguwa sun ce idan azumi ya kama bai daidaita ba, za su nemo wani ya ja asham, limancin da ke gidansu tun kakansa kuma ya fita.

"Likita," in ji shi, don duk mai farar riga likita ne, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, "abin da ya fi mini ciwo Baba ne. In na tambaye shi ko ya ga na shafi kai, sai ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai ji ba."

Na rubuta a fayil cewa mahaifi ba ya ba da goyon baya. Har layi biyu na ja a ƙasa.

Na ba shi takardarmu ta rubuta tunani, mai gidaje huɗu: yaushe ya zo, me ya ce maka, mene ne hujjarsa, mene ne hujjar da ta kore shi. Na kuma ba shi lambata, na ce ya kira duk lokacin da abin ya motsa. Bayan mako guda ya dawo da littafi cike fal, boko da ajami, ya ce sau uku ya sake kwafe shi don yana shakkar ko ya cike daidai. Ni kuwa na yaba masa, har na zaga da littafin ina nuna wa ƙananan ma'aikata.

Da muka zo auna hujja sai na gane da wa nake zaune. "Likita, hukuncin na san shi, ni nake karantar da shi," ya ce. "Mai yawan shakka ba ya sakewa. Amma ta yaya zan tabbata ni mai yawan shakka ne, ba mai ganganci ba?" Na duba jakar kwas, ba amsa a ciki.

Wayar kuwa ba ta huta ba. Kowace salla sai ya kira, ni kuma in ce, "Ta yi, Malam, je ka yi salla." Daɗi nake ji, har na gaya wa uwargida cewa akwai malamin da ba ya kabbara sai da izinina. Ban lura ba cewa da can alwala kawai yake maimaitawa, yanzu kuwa sai ya yi alwala, ya rubuta, ya kira ni.

Wata azahar Matiron ta ji ni ina ba da fatawata a tsakiyar ofis.

"Malam Sabo, kana wurin ne lokacin da ya yi alwalan?"

"A'a, Matiron."

"To yaya ka san ya yi?" Ta jawo littafin kwas ɗina, ta buɗe wasu shafuka da hannuna bai taɓa taɓawa ba. A nan aka rubuta cewa mai irin wannan larura ba a yin gardama da tunaninsa. Zai yi abin sau ɗaya, ya zauna da shakkar har ta sauka da kanta, kuma kada kowa ya tabbatar masa da komai. "Kai ka zama famfon alwalan shi na biyu," ta ce. "In ya yarda, je ka ga baban shi."

Malam Nasiru ya yarda. Na hau keke zuwa Ƙofar Ran, na sami Liman a zaure kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na shiga yi masa lacca cewa binciken zamani ya gano kada a riƙa amsa wa mai waswasi. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Likita," ya ce, "shekara biyu ina danne zuciyata ina yi masa shiru, don haka malamanmu suka koya mana. Ɗana ne. Kana zaton ba ya mini ciwo? Ya fara samun sauƙi, sai na ji an ba shi lambar waya."

Kunyar da na ji a zauren nan ban taɓa jin irinta ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne mai lambar."

"Na sani," ya ce.

A nan muka tsara, da yardar Malam Nasiru. Zai yi alwala sau ɗaya, in ɗauke butar, Liman ya sa a tayar da iƙama nan take. La'asar ta yi, ya wanke ƙafar hagu, na fizge buta na rungume. Ya juyo gare ni.

"Likita, kan nan, na shafa kuwa?"

Wallahi bakina ya riga ya buɗe. Liman ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa, na rufe. Malam Nasiru ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya shiga ya tsaya a gaba.

Yana kabbara, ina sahu na biyu, sai wani abu ya ce mini: kai fa, da ka yi alwala a asibiti, ka shafi kai? Raka'a huɗu na yi da wannan tambaya a ƙirjina, ba wanda zan kira. Ranar na ɗanɗani kaɗan daga abin da nake ta rubuta wa gidaje huɗu.

Bai warke a ranar ba. Makonni muka yi muna bi a hankali, wata rana a ci nasara, wata rana a koma baya, wayata kuma ta daina amsa tambayar alwala. Da azumi ya kama, shi ya ja asham.

Abin da na koya shi ne, kafin ka sauke jakar kwas a kan majiyyaci, tambayi me mutanen gidansa suke yi, da dalilin da ya sa suke yi. A ƙa'idar aikinmu ba a goge abin da aka rubuta a fayil, sai dai a ja layi ɗaya a kai, a sa hannu. Don haka maganar da na rubuta a kan Liman tana nan ana iya karantawa, da sa hannuna sau biyu a gefenta.