Turken da Bai Yi Ƙara Ba

A shekarar da gara ta shiga ɗakin marigayi kakanmu a Kademi ta fara cin littattafansa, Baba ya je kasuwar Gaya ya sa kafinta ya haɗa masa kantar katako mai hawa uku. A kan jaki aka kawo ta. Kowane hawa yana zaune ne a kan 'yan turakun itace huɗu da aka cusa a jikin katakon gefe. Littattafan kuwa ba wasa ba, tsofaffin rubutun hannu ne cikin gafakar fata, guda ɗaya sai na sa hannu biyu nake iya ɗaga shi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta hana a ɗora ko ɗaya. Ta zaro turakun ta danna musu farce, ta ce wannan ai rimi ne, kafinta ya yi mana wayo. Ta sa aka sassaƙo na ƙirya da na marke, aka ɗora musu buhun gero da dutsen niƙa, aka bar su 'yan kwanaki. Kullum da safe sai ta je ta kara kunnenta a jikin katakon. Mu yara muna laɓe muna dariya, wai tsohuwa tana gaisawa da itace.

Baba shi ne ɗan farinta. Don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, in ta kama dole sai ta ce "wancan". Ƙaninsa Baffa Sani yana karatu a Kano, ɗayan kuma, Baffa Ali, kullum bayansa na ciwo. Gonaki uku duk suna kan Baba, ga karatun yara da asuba, ga ciyar da gida. Ya rame, yana tari, amma in an tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Kaka tana gani, kunya ta ɗaure mata baki.

A cikin waɗannan kwanaki ne, bayan mun ci tuwo, muka kewaye ta a bakin murhu tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Baba yana ƙofar zaure yana tufka igiya, Baffa Ali na kishingiɗe kusa da shi. Kaka ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta wuri?" Da haka take buɗe tatsuniya. Muka ce mun ba ta. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai an yi wani malami da ya ɗora littattafansa a kan katako, turaku huɗu na tallafe da shi. Ba a daɗe ba na farko ya yi ƙara, ya ce nauyi ya yi masa yawa. Malam ya tausaya masa, ya matsar da littattafai gefe. Na biyu ya yi ƙara, na uku ma haka. Duk wanda ya koka sai a sauke masa a kai wajen na huɗu, tunda shi bai ce komai ba. Malam har yana yabonsa a gaban baƙi. Ran nan da damina, ruwa ya shigo ɗaki, turken nan ya karye gaba ɗaya, littattafai suka zube cikin ruwa. Malam ya ɗauki guntayensa yana kuka, ya ce me ya hana ka faɗa mini?

Kaka ta ƙanƙance murya ta ce, "Sai turken ya ce, Malam, na ga 'yan'uwana sun gaji. Kuma ba ka taɓa tambayata ba."

Ko rufe tatsuniyar ba ta yi ba. Baffa Ali ya yi dariya ya ce Inna da iya ƙirƙira. Baba bai ɗago daga igiyarsa ba.

Kantar ta riƙe littattafan, har yau tana nan. Amma a shekarar da aka yi fari, ana cikin noma, Baba ya faɗi a gonar Baffa Sani. Aka ɗauko shi a kan ƙyaure, bai ga kakar wannan shekarar ba. Ranar jana'iza Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ita ce ma take ba wasu haƙuri. Bayan sadakar bakwai na same ta ita kaɗai a ɗakin littattafai. Ta ce, "Na gaya musu, Hadiza. Amma da tatsuniya na gaya musu." Daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Na daɗe ina jin haushin baffannina, daga baya na gane Kaka ce abin tausayi. Ta san yadda za ta gwada itace har ta ji inda yake ciwo, amma ɗan da ta haifa ba ta da halin ta ce masa ya huta. Abin yana cina har yanzu.

Ni ma ina da ɗan fari, shiru-shiru ne kamar kakansa. Nakan kira sunansa a gaban kowa, dangi suna cewa ba ni da kunya. In ya ce mini lafiya lau, nakan zaunar da shi in sake tambaya.