Alkukin Gwaggo a Bangon Ƙarfe

A yi mini uzuri tun farko. An kwana biyu da yin tafiyar nan, kuma ranar hankalina ba a kwance yake ba, don haka wataƙila na cakuɗa wasu abubuwan.

Mun tashi da asuba daga Ungogo, ni da abokina wanda muka haɗa ƙarafan gini tare, muka nufi ƙauyenmu da ke gefen Bagwai don duba ɗakin Gwaggo. Daminar bara ce ta kayar da ɗakinta na ƙasa, siminti kuwa ya fi ƙarfinmu. Ni na lallashi dangi a gwada siraran ƙarafa marasa nauyi, a ɗaure su da sukuru, a rufe da alluna. Shi ne gini na farko da na zana tun gama jami'a. Ga damina ta ƙarato, kuma tsohuwa ce ke kwana a ciki.

A Dawanau muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame sosai, abokina ya ce shi ma tsadar ta taɓa shi. Kuɗin mota ya haura yadda na san shi, direba kuma kashe inji yake yi a kowace gangara. Daga nan har gida ban ga daji ba, gona manne da gona, an jibge taki tsibi-tsibi, kowa na duban gabas. A cinyata akwai naɗin ragowar ƙarfe da na ɗauko saboda tsoro kawai, abokina na ta yi mini dariya.

Mun iske ɗakin tsaye, tsaf. Gwaggo ta ja hannuna ciki. "Ɗan boko, zo ka ga alkukina." A tsakiyar bango an rarake gurbi, ga fitilarta da carbi a ajiye. Na matsa na leƙa cikin gurbin.

A bangon ƙasa kowa na rarake alkuki, ba ya cutar da komai. Amma cikin wannan bangon akwai zirin ƙarfe biyu da suka gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa, su ne ke hana shi karkacewa in an turo shi ta gefe. Littattafan da na karanta na ƙasashen da ake girgizar ƙasa ne. Mu ba mu cika ganinta ba, amma a fahimtata iskar hadari ma ta gefe take turowa. Maginin ƙauyen, dattijon da ya ƙarasa aikin, ya yanke su duka biyu daidai mahaɗarsu.

"Na ɗauka maɗaurin kaya ne, Injiniya," in ji shi. "Wannan ɗan zirin me zai riƙe?"

Laifin nawa ne, takarda na bar masa ban yi bayani ba. Sai muka sa maza uku suka tura kusurwar ɗakin. Saman ya karkata kaɗan, ƙofa ta ƙi rufuwa. Baba magini ya cire hula ya mayar.

Na ce a toshe alkukin. Gwaggo ta ce, "Fitilar a kaina zan ɗora ta?" Maginin ne ya nuna fili a ƙasan mahaɗar, inda ƙarfe bai bi ba. Muka cire allon, muka ɗaura sabon ziri a madadin kowanne daga naɗin nan, magini ya rarake mata wani gurbin a can. Aka ƙara turawa, bango bai motsa ba.

Bayan la'asar hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Na tsaya a ciki, tafina a jikin bango, Gwaggo na ɓarar gyaɗa ko kallona ba ta yi. Ban ji motsi ba. Na san iska ɗaya ba ta isa shaida ba, zan koma tsakiyar damina in Allah ya yarda. Amma maƙwabta biyu sun riga sun zo tambayar yadda za a yi musu irinsa.

Washegari muka dawo gida lafiya. Abin da na koya shi ne, kafin in ja layi a takarda in tambayi mai ɗaki inda za ta ajiye fitila, magini kuma in nuna masa da hannu. Waɗanda suka tura bangon nan tare da mu, in na yi kuskure a wani wuri, don Allah ku aiko mini da gyara.