Mutumin da ke karanta sawun kare

Ina neman afuwar masu karatu, da ta Malam Muttaka kansa. Ban taɓa rubutu don idon jama'a ba, kuma shekaruna ba su kai in ɗauki sunan dattijo a baki ba. Sai dai ya ajiye aiki a watan jiya, na yi ta jiran wani babba ya faɗi abin da ya yi, shiru.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana malamin dabbobi a Talatar Mafara. Kullum da hantsi zai ɗaure jakarsa a bayan babur, da farar rigar salla a naɗe daban, don kada ta haɗu da ta aiki. Shanu da awaki aka ɗauke shi ya duba. Karnuka da kyanwoyi shi ya ɗora wa kansa, don babu mai so. In aka ce, "Malam guda, kana taɓa kare?" sai ya ce, "Ai sabulu bai ƙare ba kasuwa."

Idan aka kawo masa dabba mai ɗingishi, ba ya fara taɓa ta. Tsintsiya yake karɓa ya share fili, ya yayyafa ruwa, ya ce a ja ta ta bi ta kai. Sannan ya durƙusa ya duba sawun: wanne ya nutse, wanne ya ɗan taɓa ƙasa kawai. Kyanwa kuwa, ya ce, ɓoye ciwonta take yi, don haka matan gida yake tambaya. A Maradun wata tsohuwa ta ce masa tata ta bar hawa rumbu. Daga wannan kaɗai ya laluba cinyarta ya gano ƙurji a ƙarƙashin gashi, inda wata kyanwar ta cije ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a garinmu Dakko, kwana uku bayan Babbar Salla. Kakana Mamuda idonsa ya yi rauni, kuma karensa Ja-gaba ne ke shige masa gaba zuwa gonar albasa, ya dawo da shi. Ran nan aka wayi gari karen yana dalalar da miyau, ya ƙi abinci, yana tafiya da ƙafa uku. Kafin hantsi maza sun taru da sanduna. An ɗaure shi a gindin darbejiya, kakana ya zauna a gabansa ya ƙi tashi.

"Baba, kauce," in ji Ishaq mahauci, maƙwabcinmu. "Karen ga ya haukace. Muna da ɗiya cikin gari."

Gaskiyar Ishaq ce ya ji tsoro, kowa ya san abin da cizon mahaukacin kare ke yi. Ana cikin haka sai ga Malam Muttaka, ya zo yi wa awaki allura. Sai da ya gaisa da kowa, ya tambayi gida da gona, sannan ya ce, "Ya ciji wani?" Aka ce a'a.

"To, ku ba ni tsintsiya."

"Shara munka kira ka?" in ji Ishaq.

Malam ya share, ya yayyafa ruwa, ya sa aka ja karen da doguwar igiya. Ina leƙe ta jikin zana, na ga ya daɗe a durƙushe.

"Ƙafafun baya lahiya lau suke taka ƙasa," in ji shi. "Ta gaba ce, ta dama, ga ɗigon jini nan. Kuma ni na yi mishi allurar hauka da bazara. Baba, mi yac ci ranar Salla?"

"Ƙasussan layya. Ishaq yab ba shi."

Ya sa safar hannu mai kauri, aka danne karen da buhu, ya gitta itace a bakinsa ya haska tocila. Ya zura filaya. Sai ga guntun haƙarƙarin rago, ya kafe a dasashin sama daga haƙori zuwa haƙori. Garin ƙoƙarin cire shi da ƙafa ne karen ya tsage farcensa.

"Ga haukan nan," ya ce, yana miƙa wa Ishaq ƙashin. "Na ragonka na."

Aka fashe da dariya, har da Ishaq. Amma Malam bai yi ba. Ya ce karen ya zauna a ɗaure kwana goma, kada yaro ya matso, in an ga wani canji a kira shi. Ran na goma ya dawo da kansa ya kwance igiyar.

Malam, kai ne mai jin ciwon wanda ba ya magana. Kai ka hana mu kashe abin da ba mu bincika ba, kuma ba ka taɓa wasa da ran ɗan kowa don tausayin dabba ba. Allah Ya saka maka. Ku da kuka gaji aikinsa, don Allah ku riƙa durƙusawa ku duba kafin ku yanke.

Ranar walimar sallamarsa na tafi da takardar nan a cikin hijabi, da niyyar karantawa. Kakana ya zo da Ja-gaba, ya tsaya can bakin ƙofa, don kare ba ya hawa tabarmar baƙi. Ana tsakiyar jawabi Malam ya hango su, ya tashi ya bar manya a zaune.

"Baba, ja shi in gani."

Ja-gaba ya ratsa filin. Malam ya durƙusa da babbar rigarsa ya duba ƙasa.

"Huɗu cif," in ji shi.

Idon kowa yana kansu. Na fasa karantawa, na sa takardar a jakar da ke bayan babur ɗinsa, ƙarƙashin farar rigar, na bi ta bayan rumfa na fice.