Karen Gindin Famfo

Jiya da la'asar ina wucewa ta wani layi a Fadaman Mada sai na ji haushin ƙaramin kare, siririn haushin nan mai huda kunne. Nan take raina ya ɓaci, don ya tuna mini gidan hayar da muka tashi a cikinsa, a nan unguwar.

Mai gidan yana da wani ɗan kare fari, gashi buzu-buzu, da kaɗan ya fi mage girma. A gindin famfo ake ɗaure shi, inda dole kowa ya je ɗibar ruwa. Da bazara siminti yakan ɗau zafi har ba ya takuwa sai da takalmi, shi kuwa yana nan kwance yana haki, kwanonsa a bushe. 'Ya'yan mai gidan su ja masa wutsiya, su zungure shi da kara, in ya yage baki yana gurnani a kwashe da dariya. Ya yaga zanin matar wani tela da ke haya a gidan, ya ciji mai kawo mana nono daga Zungur a dunduniya. Kullum amsar mai gidan ɗaya ce: ai ɗan mitsitsi ne, wasa yake yi.

Ranar da ya kama ƙanwata, ko makaranta ba a sa ta ba. Ruwa ta je tara a ɗan bokitinta. Ya cafke ta a ƙwauri, ya ƙi saki sai da Inna ta kwaɗa masa muciya. Har yau ina jin warin sabulun wankin da Kaka ta dinga wanke ciwon da shi, jini yana bin rariya.

Mai gidan ya fito yana sakace, ya leƙa ƙafar. "Wannan ai ƙwarzane ne. Ku dinga tsare yaranku mana."

Kaka, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba, ta miƙe. "Yallaɓai, da 'yarka ce, ƙwarzane za ka ce? Kun gasa dabba a rana, kun koya masa cizo, sannan laifin na yarinya ne? Ka ji tsoron Allah!"

Baba ya yi ta jigilar ƙanwata asibiti ana yi mata allura, tana ihu tun daga bakin ƙofa. Mai gidan ko sannu bai aiko ba. Saƙon mu tashi ya aiko, wai tsohuwa ta ci masa mutunci a gaban 'yan haya. Cikin damina muka loda kaya a amalanke zuwa Ƙofar Wambai, katifunmu suna jiƙewa. Daga baya muka ji karen ya ciji autan mai gidan, kuma a ranar aka cusa shi a buhu aka jefar a bayan gari.

Yanzu irinsu sun yi yawa a Bauchi. Ana zaunar da su a gaban mota, ana ɗaukar hotonsu a waya. Ƙanwata kuwa ta zama malamar asibiti, jini ba ya ba ta tsoro. Amma in ta hango kare, ko da goyo a bayanta, sai ta faɗa titi ba ta duba mota ba.