Matar da ke Jin Sawu

Tun masu shara ba su gama goge baranda ba za ka tarar da ita zaune a ƙofar ɗakin tiyatar ƙashi, idanu a rufe, hannuwa bisa cinya. Baƙo zai ce gyangyaɗi take. Ina! Saurare take yi. Mutum na can bai ko shawo kwana ba, sai ka ji ta ce, "Ƙafar dama. Idon sawun ya karkace, guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi." In ya bayyana kuwa, haka ɗin ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan, har yau tsigar jikin sababbin likitoci na tashi.

Ma'aikaciyar jinya ce, ita ke shirya majinyaci ta miƙa kayan aiki. Inna Kunne ake ce mata a ɓoye, wai a ɓoye, kamar akwai abin da ba ta ji. Dokarta ɗaya: duk wanda za a gyara wa idon sawu ya zo da tsohon takalminsa, don a cin da ƙasansa ya yi take karanta karkatar ƙashin. Waɗanda suka warke ba sa dawowa karɓa, sai takalman suka cika kanta guda a ɗakinta. Mai shara ta rantse tana jera su suna kallon bango, da safe ta same su suna kallon ƙofa. Inna ta ce, "Ki ƙyale su, 'yar nan. Masu su na tafiya, su ma marmari suke."

Ban manta labarin telan nan ba, wanda ƙafarsa ta dama ce ke taka keken da ke ciyar da gidansa. Idon sawunsa biyu duk sun kumbura, amma takarda ta ce hagu za a yanka, a daidaita ƙashi, a gyara guringuntsi. An sa shi barci, an wanke hagun, likita ya miƙo hannu a ba shi wuƙa. Inna ta riƙe wuƙar gam. Likita ya juyo ya dube ta.

"Inna, lafiya?"

"Likita, ka gafarce ni. Da safe na ji shigowarsa. Dama ce ke kuka."

"Hoton ƙashi fa ya ce hagu."

"Hoton bai ji shi ba."

Ta san in ta yi kuskure ta gama aiki ke nan. Aka ɗauko takalman: ƙasan na dama ya cinye ta gefe har ya huje. Aka sake hoto. Ashe alamar hagu da dama aka sa a baibai. Likitan nan sai da ya nemi kujera, sannan aka yi wa dama aiki.

Ke ce, Inna, kika tsaya tsakanin wuƙa da lafiyayyen ƙashi, kuma ko a takarda ba a rubuta sunanki ba. Wallahi abin na ci mini rai.

Makon jiya ta yi ritaya. Tana zaune a gurbinta, idanu a rufe, tana ambaton masu zuwa sallama tun daga nesa. Can sai ta karkata kai.

"Wannan tafiyar ban san ta ba. Waye?"

"Ni ne, Inna. Tela."

Ta buɗe ido, ta dubi ƙafafunsa. Ta ce ya koma ƙarshen baranda ya sake tahowa. Ya koma, ya taho. Ba ta ji komai ba sai taku biyu daidai, hawaye suka zubo mata.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka. Ku da kuka gaji kujerarta, ku duba hoto, amma ku saurari mai shigowa. Takalman nan na nan bisa kantar, suna kallon ƙofa.