Ranar da na raina kogin maƙwabcina

Shekarun baya, a shekarar da katafaren jirgin nan ya gitta ya toshe mashigin Suwes, ina zaune da iyalina a unguwar Hadayek el-Maadi da ke Alƙahira. Maƙwabcina Bature ne ɗan Ingila, wanda ya musulunta ya zo Alƙahira koyon Larabci. Da Larabcin muke hira, nawa na littafi, nasa mai ɗingishi.

Mahaifina a Yawuri yana da wata ɗabi'a. Duk baƙon da na sani, sai ya ce in tambaye shi labarin garinsu in rubuto masa da ajami, domin ba ya karanta boko. Da ya ji ina da maƙwabci Bature, kullum muka yi waya sai ya tuna mini.

Wata rana bayan la'asar muka zauna a bakin Nilu, ni da takarda, shi da shayi. Na jero masa tambayoyi irin namu: wa ya kafa garin, ina ganuwa, ƙofofi nawa. Ya ce ba su da ganuwa. Kogi ne ya tara su, a wurin da ruwan ya fi sauƙin ƙetarewa. Akwai tsohuwar gadar dutse, da coci mai hasumiya da ake hangowa daga gonaki, da kasuwar Asabar da wani sarki ya ba su izininta tun zamanin da. Duk inda ya nufa da zance, sai ya dawo kan kogin.

Ni kuwa ɗan bakin kogin Kwara ne. Na ce, "Ya akhi, awa nawa ake yi a kwalekwale kafin a ƙetare?"

Ya ce, "Ba a shiga kwalekwale. Muna yara mukan jefa dutse ya faɗa ɗaya gaɓar."

Allah Ya yafe mini, dariya na yi har na ƙware. Na nuna masa Nilu na ce, "Ga kogi nan. Naku a wurinmu rafi ne, awaki ma ba sa neman izini kafin su tsallaka."

Ya shanye shayinsa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu tafi, magariba ta kusa."

Mako biyu ba abin da ke haɗa mu sai sallama a matakala. A masallaci ya daina ajiye mini wuri a sahu. Ni da wautata na ɗauka karatu ne ya yi masa yawa, har sai da maiɗakina ta dawo daga wurin matarsa ta tsaya a kaina.

"Malam, me ka faɗa wa bawan Allahn nan? Ka san mahaifinsa a kan kogin garin nasu ya ƙare rayuwarsa yana aiki? Bara ya rasu lokacin annobar korona, ba jirgin sama, maƙwabcin namu ko jana'iza bai samu ba."

Washegari bayan azahar na ƙwanƙwasa ƙofarsa da sabuwar takarda. Na ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini. Mu sake daga farko, amma ka fara da mahaifinka."

Ya matsa gefe na shiga.

Ashe a ƙasan gadar akwai wasu manyan ƙyamaren katako da ake tare ruwa da su, a cika ko a rage, don jirage su hau ko su sauka. Mahaifinsa ne mai buɗe su da rufe su. Ya san kowane mai jirgi da sunansa. Idan ruwa zai yi ambaliya, shi ke bin gidajen bakin gaɓa yana gargaɗi, kuma shi ke zana alamar inda ruwan ya kai a bangon tsohon gidan niƙa. Maƙwabcina ya rufe ido ya bi da ni titi-titi, ni kuma ina rubutawa, har na cika shafi huɗu.

Na ɗauki hotonsu na aika gida. Bayan kwana biyu mahaifina ya turo saƙon murya, na saka wa maƙwabcina ina fassarawa.

"Ka gaishe shi, ka yi masa ta'aziyya. Ka ce masa a wurinmu mai wannan aiki Sarkin Ruwa ake ce masa, kuma ba a kiran ɗansa da suna kai tsaye. Sannan ka tambaye shi, da ya taho nan, wa ya bar wa ƙyamaren?"

Maƙwabcina ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga, ya ce in gaya wa Baba hukuma ta ɗauki wani. Mahaifina bai gamsu ba har yau.

Tun daga lokacin, idan mutum ya fara ba ni labarin garinsu, ba na saurin auna shi da namu, don ban san wa ya bari a can ba.

Da zan fita daga gidansa a ranar da muka saurari saƙon Baba, na tuna masa cewa har yanzu bai furta ya yafe ba. Ya kama hannuna ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya shaikh. Na yafe."